Na rubuta 'ya'ya uku a fayil ɗin XML, amma madaukina yana ƙirga bakwai

SabonKoyo:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta hana ni ci gaba tun shekaranjiya. Ina da ƙaramin fayil na XML, wato tsarin rubuta bayanai a tsakanin alamomin da ake kira tag, da na tsara don ajiye jerin littattafai, kuma ga siffarsa:

```
<jeri>
  <littafi lamba="1">Na farko</littafi>
  <littafi lamba="2">Na biyu</littafi>
  <littafi lamba="3">Na uku</littafi>
</jeri>
```

Na karanta shi da JavaScript ta hanyar `DOMParser`, na kama tushensa da `documentElement`, sannan na kafa madauki (loop) don in bi `childNodes`, wato jerin 'ya'yan da ke cikin tushen, ɗaya bayan ɗaya in ciro lambar kowane littafi. Tun a zagayen farko sikirif ɗin yake tsayawa, yana cewa babu `getAttribute` a jikin abin da na kama. Da na duba `childNodes.length` sai na ga 7, alhali da hannuna na rubuta littattafai uku. Daga ina sauran huɗun suka fito, kuma wace hanya ce ta fi inganci wajen bin 'ya'yan gaɓa (node) ba tare da irin wannan tuntuɓe ba?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma lissafin da kwamfuta ta ba ka daidai ne, sai dai ita tana ƙirga abin da idonka yake tsallakewa. Bayan ka rubuta `<jeri>` ka danna maɓallin sabon layi, ka kuma tura fili biyu kafin ka soma `<littafi>`. Wannan sabon layin da filayen nan biyu haruffa ne a wurin mai warware fayil, saboda haka sai ya tattara su ya mayar da su gaɓar rubutu mai zaman kanta, ya jera ta cikin 'ya'yan `jeri`. Akwai ɗaya kafin littafin farko, ɗaya tsakanin na farko da na biyu, ɗaya tsakanin na biyu da na uku, sannan ɗaya kafin a rufe `jeri`. Huɗu ke nan, idan ka haɗa da littattafanka uku sun zama bakwai.

Kada ka tsaya ga maganata kawai, ka gwada da kanka. A cikin madaukin ka buga `nodeType` da `nodeName` na kowace gaɓa. Za ka ga 3 da `#text`, sai 1 da `littafi`, sai kuma 3, haka har ƙarshe. Lamba 1 tana nufin elemen, wato gaɓar da ke da tag na buɗewa da na rufewa, lamba 3 kuma rubutu ce. Gaɓar rubutu ba ta da sifofi irin `lamba`, shi ya sa `getAttribute` ya ƙi aiki a kanta. Ka sa sharaɗi a farkon madaukin cewa duk gaɓar da `nodeType` ɗinta ba 1 ba ne a wuce ta.

Malama_Lissafi:
Bayanin Malam Tsohon_Hannu ya wadatar. Abin da zan ƙara shi ne, idan elemen kaɗai kake so, ba sai ka tace da kanka ba, domin `children` yana ba ka 'ya'yan da suke elemen zalla.

```
for (const littafi of tushe.children) {
  console.log(littafi.getAttribute("lamba"));
}
```

Haka nan akwai `firstElementChild` da `nextElementSibling` a madadin `firstChild` da `nextSibling`. Ka kula ka yi amfani da `for...of`, ba `for...in` ba, saboda na biyun yana bin sunayen kadarorin jerin ne, har ya kawo maka `length` da `item` a matsayin abubuwan zagayawa.

Mai_Gaggawa:
Tunda gaɓoɓin suna zuwa a jere, rubutu sannan elemen, ni abin da nake yi shi ne in fara daga matsayi na 1 in riƙa ƙara biyu a kowane zagaye. Ya daɗe yana yi mini aiki.

Tsohon_Hannu:
Malam Mai_Gaggawa, ina roƙonka ka sauya wannan dabara kafin ta jawo maka asara. Tana aiki ne kawai muddin fayil ɗin ya ci gaba da zuwa da irin shimfiɗar da ka saba gani. Ranar da wani ya saka layin sharhi tsakanin littafin farko da na biyu, 'ya'yan za su zama tara, kuma matsayi na 3 zai faɗa kan sharhin, wanda `nodeType` ɗinsa 8 ne, shi ma ba shi da sifofi. Wannan ma da sauƙi, domin sikirif ɗin zai tsaya ka san akwai matsala. Abin da ya fi haɗari shi ne ranar da aka aiko maka da fayil ɗin a matse, duka a layi guda babu fili ko ɗaya. A lokacin 'ya'yan uku ne cif, a matsayi na 0 da 1 da 2, sai madaukinka ya ɗauki na tsakiya kaɗai ya bar biyu, ya kammala shiru ba tare da ya nuna wani kuskure ba.

Injiniya_77:
Wannan tambaya ta tuna mini da shekarun da muka sha wahala a kanta, kuma ina ganin yana da kyau masu tasowa su san tushen ruɗanin. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da ƙa'idar XML 1.0 a watan Fabrairun 1998, ta biyo da matakin farko na DOM, wato tsarin da ke nuna fayil a matsayin bishiyar gaɓoɓi, a watan Oktoban wannan shekarar. Ƙa'idar ta wajabta wa mai warware fayil ya miƙa wa manhaja duk harafin da ba alamar tsari ba ne, har da filaye. To amma laburaren MSXML na kamfanin Microsoft, wanda masu rubuta VBScript suka dogara da shi, yana zubar da filayen da ke tsakanin tag-tag tun wajen loda fayil, sai dai idan ka mayar da `preserveWhiteSpace` ya zama gaskiya. Tsohuwar burauzar Internet Explorer ma, kafin fitowar ta 9 a 2011, ba ta ƙirga su, ita kuwa Firefox tana ƙirgawa. Sai ka rubuta sikirif guda, ya ba ka uku a wannan burauza, ya ba ka bakwai a waccan.

Har yau bambancin bai gushe ba tsakanin harsuna. `XmlDocument` na .NET, wanda PowerShell ke amfani da shi, yana zubar da filayen idan ba ka ce a bar su ba. `DOMDocument` na PHP kuwa yana barin su, sai ka kashe `preserveWhiteSpace` kafin ka loda fayil ɗin, domin idan ka kashe bayan lodawa babu abin da zai sauya. Ni shawarata a kullum ita ce a share su tun a bakin ƙofa, sai madauki ya zama mai sauƙin karantawa.

Malama_Lissafi:
Injiniya, na amfana da tarihin da ka kawo, amma ban gamsu da shawararka ta ƙarshe ba, kuma zan faɗi dalili. Ba kowane fayil na XML ne jerin bayanai kamar na SabonKoyo ba. Akwai waɗanda rubutu ne na karantawa, inda kalmomi da tag-tag suke cakuɗe a cikin sakin layi guda. Duba wannan:

```
<jimla><kalma>ina</kalma> <kalma>kwana</kalma></jimla>
```

Filin da ke tsakanin kalmomin nan biyu gaɓar rubutu ce wadda babu komai a cikinta sai fili, daidai irin wadda kake cewa a share. Idan aka share ta, mai karatu zai ga "inakwana" a manne. Na taɓa karɓar aikin mayar da wasu takardun koyarwa daga XML zuwa shafukan intanet, sai na tarar wanda ya riga ni ya kashe filaye tun wajen lodawa, kuma duk inda kalma mai kauri ta biyo bayan kalma mai karkata, sun haɗe sun zama ɗaya. Kwana biyu na yi ina zargin ɓangaren da ke fitar da shafin, ashe ɓarnar ta auku tun a layin farko na sikirif ɗin. Abin da aka zubar wajen lodawa ba ya dawowa, amma abin da aka tsallake a cikin madauki yana nan idan an buƙace shi daga baya.

Injiniya_77:
Gaskiya ne, Malama, amma ai don haka aka tanadi `xml:space="preserve"`. Mai fayil ɗin ya sa shi a kan sakin layin da filayensa ke da muhimmanci, sai laburaren ya kiyaye su.

Malama_Lissafi:
An tanade shi, sai dai mafi yawan fayilolin da muke sarrafawa ba mu ne muka rubuta su ba, daga wata manhaja ko wata ma'aikata suke zuwa, kuma ba mu da ikon tilasta musu su saka wannan sifa.

Abu_Sumayya:
Ku ba ni dama in kawo wani tarko na daban wanda yake jiran SabonKoyo nan gaba, wato ranar da zai so ya goge wasu 'ya'ya yana cikin zagayawa. Jerin da `childNodes` da `children` suke bayarwa rayayye ne, ba hoto ba ne da aka ɗauka aka ajiye. Da zarar ka cire ɗa guda, sauran suna matsowa gaba nan take, tsawon jerin kuma yana raguwa. Ka ɗauka kana da 'ya'ya huɗu, A da B da C da D, kana son ka cire su duka da madauki mai ƙirga daga sifili. Ka cire A a matsayi na 0, sai B ya koma matsayi na 0, kai kuwa ka riga ka matsa zuwa na 1 inda C yake yanzu. Ka cire C, tsawon jerin ya koma biyu, lissafinka ma ya kai biyu, sai madaukin ya tsaya. B da D suna nan daram.

Wannan ya same ni a wani wurin aiki da na taɓa zama, inda aka ba ni fayil in cire bayanan da wa'adinsu ya ƙare. Na gwada a kan ƙaramin samfur wanda tsofaffin bayanan cikinsa ba sa maƙwabtaka da juna, sai komai ya tafi daidai. A babban fayil ɗin kuwa, duk inda tsofaffi biyu suka zo a jere, na biyun yakan tsira. Sai da wani abokin aiki ya ga bayanin da ya kamata a ce an cire tun makonni da suka wuce sannan muka gano. Maganin hanyoyi uku ne da na sani: ko ka fara daga ƙarshen jerin ka dawo baya, ko ka kwafe shi da `Array.from` kafin ka soma, ko kuma ka yi amfani da `querySelectorAll` wanda jerinsa tsayayye ne.

Ɗan_Python:
Ga masu aiki da Python, lamarin ya ɗan sha bamban, ya danganta da laburaren da ka zaɓa. `minidom` yana bin tsarin DOM sak, saboda haka shi ma bakwai zai ba ka. `ElementTree` kuwa ba shi da gaɓar rubutu kwata-kwata. Idan ka rubuta `for littafi in tushe:` 'ya'ya uku za ka samu. Filayen ba a zubar da su ba, an dai ɓoye su ne a wurare biyu: rubutun da ke cikin elemen kafin ɗansa na farko yana cikin `text`, wanda kuma ya biyo bayan tag na rufewa yana cikin `tail`. A misalin da Malama_Lissafi ta kawo, filin da ke tsakanin kalmomin biyu yana zaune a `tail` na kalmar farko. Wannan yana nufin idan ka cire elemen, wutsiyarsa, wato `tail`, tana tafiya tare da shi, kuma mutane da yawa sun rasa rabin jimla ta wannan hanya.

Wani abu kuma, duk wanda ya ci karo da tsohon misali mai `getchildren()` ya sani an cire shi daga Python 3.9 da ya fito a 2020. Yanzu kai tsaye ake zagaya elemen ɗin, ko a ce `list(tushe)`.

Ummu_Khalil:
Ƙarin bayani a kan maganar Ɗan_Python: wanda ya koma laburaren `lxml` kada ya ɗauka komai iri ɗaya ne. `ElementTree` na asali yana watsar da sharhi wajen karanta fayil, shi kuwa `lxml` yana barin su cikin 'ya'ya, kuma `tag` ɗin sharhi ba rubutu ba ne. Duk sikirif ɗin da ke yanka ko kwatanta haruffan `tag` zai iya faɗuwa a kan sharhin farko da ya tarar.

Mai_Gaggawa:
Na karɓi gyara a kan ƙirga bibbiyu, na gode. To me zai hana SabonKoyo ya kira `getElementsByTagName("littafi")` kawai ya huta da batun 'ya'ya gaba ɗaya?

Tsohon_Hannu:
A fayil ɗinsa na yanzu zai yi aiki, amma tambayarsa a kan 'ya'ya ce, shi kuwa wannan umarni yana kawo 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne duk a haɗe. Ka ɗauka kowane littafi yana da `<suna>`, sannan a cikinsa akwai `<marubuci>` wanda shi ma yana da nasa `<suna>`. Idan ka nemi `suna` daga kan littafin za ka samu biyu, kuma wanda ya zo farko a fayil shi ne zai zama na farko a jerin, ko da na marubucin ne. Haka bambancin yake a Python tsakanin `findall("suna")` mai tsayawa a kan 'ya'ya da `iter("suna")` mai gangarawa har ƙasa. Kuma kada a manta XML yana bambanta manyan haruffa da ƙanana, `Suna` daban, `suna` daban.

Mai_Nazari:
Na bi muhawarar nan tun daga farko, kuma ra'ayina shi ne yawancin waɗannan matsaloli suna tasowa ne domin muna taka bishiyar da ƙafa alhali akwai harshen da aka ƙirƙira musamman don tambayarta. XPath ya fito tun watan Nuwamban 1999. Idan ka rubuta `/jeri/littafi` ka faɗi ainihin abin da kake nufi: littattafan da suke 'ya'yan `jeri` kai tsaye, ba filaye, ba sharhi, ba jikoki. Idan na biyu kake so ta lambarsa, sai ka ce `/jeri/littafi[@lamba="2"]`. Madauki uku da aka cusa cikin juna, kowanne da sharaɗinsa na tace gaɓa, sau da yawa layi guda ne a XPath, kuma wanda zai gaji aikinka bayan shekara biyu zai fahimci niyyarka da kallo ɗaya.

Abu_Sumayya:
Ina tare da kai a kan kyawun XPath, Malam Mai_Nazari, amma yana da nasa ramin, wato sararin suna, adireshin da ake sawa da `xmlns` don a bambanta sunayen tag na wani tsari da na wani. Da zarar tushen fayil yana ɗauke da `xmlns`, to `/jeri/littafi` ba zai dawo da komai ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, jeri ne kawai babu kowa a ciki. Dole sai ka ɗaura wa adireshin sararin sunan wani gajeren laƙabi ka riƙa sa shi gaban kowane suna. Sabon mai koyo yakan fi saurin gano wannan idan yana zagayawa da madauki, domin a `ElementTree` da ya buga `tag` zai ga adireshin a cikin baka masu lanƙwasa kafin sunan, a DOM kuma yana da `localName` da `namespaceURI` da zai duba. Shi ya sa nake ganin a fara koyon takawa da ƙafa kafin a hau XPath.

Ɗan_Python:
Duk hanyoyin da aka ambata, har da XPath, suna loda bishiyar gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma bishiyar takan ci wuri fiye da girman fayil ɗin kansa. Idan fayil ya kai gigabait, sai a koma `iterparse` ko SAX, masu karanta fayil kaɗan-kaɗan, a sarrafa kowane littafi da zarar an rufe tag ɗinsa, a kira `clear()` a wuce. Sannan mai rubuta aikin da ke kiran kansa don ya sauka cikin jikoki ya tuna Python yana da iyakar zurfi, wadda take 1000 idan ba a sauya ta ba.

SabonKoyo:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na buga `nodeType` kamar yadda Malam Tsohon_Hannu ya ce, na ga 3, 1, 3, 1, 3, 1, 3 da idona, sannan na koma `children` kuma lambobin sun fito daidai. Sai dai na sake cin karo da wani abu. Da na nemi rubutun da ke cikin kowane littafi ta hanyar `nodeValue`, sai yake ba ni `null` sau uku, alhali rubutun yana nan a fayil.

Ummu_Khalil:
Ɗan'uwa, wannan ita ce matsalarka ta farko ta dawo ta wata fuska. Kalmomin "Na farko" ba darajar elemen ɗin ba ne, ɗa ne a cikinsa, gaɓar rubutu irin waɗanda ka tsallake ɗazu, sai dai wannan tana ɗauke da kalmomi. Elemen ba shi da `nodeValue`, kullum `null` ne. Yi amfani da `textContent`, wanda ke tattaro duk rubutun da ke ƙarƙashin elemen. Wasu suna rubuta `firstChild.nodeValue`, amma wannan yana faɗuwa idan littafin ya zo babu komai a cikinsa, domin a lokacin babu ɗan farko. Haka kuma idan rubutun yana cikin sashen CDATA, wato sashen da ba a ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin tag, wanda lambarsa 4 ce, mai tace lamba 3 kaɗai zai wuce shi bai sani ba.

Tunda `DOMParser` kake amfani da shi, ka kuma riƙa dubawa ko akwai elemen mai suna `parsererror` a sakamakon kafin ka fara zagayawa. Idan fayil ɗin ya lalace, misali an manta rufe wani tag, ba ya tsayar da sikirif ɗin, takardar kuskure yake miƙo maka, sai ka zauna kana bin 'ya'yan saƙon kuskure kana neman littattafai.

Injiniya_77:
Wannan tambaya ta biyu ta ƙarfafa mini gwiwa a kan matsayina. Fayil ɗin SabonKoyo jerin bayanai ne, babu rubutu mai cakuɗe da tag a cikinsa, don haka a irinsa share filaye tun farko ba ya cutar da kowa. Na yarda da Malama_Lissafi a kan takardun karatu, amma ban ga dalilin ɗaukar nauyinsu a kan kowane fayil ba.

Malama_Lissafi:
Yau jerin bayanai ne, Injiniya. Gobe idan ya ƙara `<bayani>` a ƙarƙashin kowane littafi, ya soma kaurara wasu kalmomi a ciki, ya zama takardar karatu ba tare da ya lura ba. Ban da haka, `DOMParser` na burauza ba shi da maɓallin kashe filaye, sai dai ya rubuta wani madaukin na goge su, wanda zai kai shi ga tarkon da Abu_Sumayya ya bayyana. SabonKoyo, ka faɗa mana, fayil ɗin nan kai kaɗai ne kake rubuta shi, ko wata manhaja ce za ta riƙa fitar maka da shi nan gaba?

SabonKoyo:
A yanzu ni nake rubuta shi da hannu, Malama, amma nan gaba daga wata manhajar ajiyar littattafai za a riƙa fitar da shi. Na buɗe samfurin da aka ba ni yanzun nan, kuma na ga `xmlns` a layinsa na biyu, ga shi duk sauran fayil ɗin a layi guda yake. Zan gwada sikirif ɗin a kansa da daren nan, in kawo muku abin da `children` da `localName` suka nuna.